Tsohon da Bai Taɓa Karɓar Albashi Ba, Ina Rabonsa?

Sashe na 16 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnatin Najeriya nauyin samar da muhalli, da kula da tsofaffi, da biyan fansho. Sai dai sashen yana cikin babi na biyu, wanda ba a iya maka gwamnati a kotu a kansa, shi ya sa alkawarin ya daɗe yana barci a takarda.

An dai ɗan motsa. A 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, amma sai a 2021 aka naɗa mata shugabanni. A shekarar ce kuma majalisar zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. A tambayi tsohuwar da ke tuyar ƙosai a bakin titi ko ta taɓa jin sunan cibiyar.

Kusan duk abin da aka tanada, mai albashi aka yi wa. A tsarin adashen fansho na 2004, wanda aka gyara a 2014, ma'aikaci na zuba kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki kashi 10. Asusun gidaje na ƙasa na 1992 shi ma daga albashi ake yankar kashi 2.5. Manomi da ɗan dako da mahauci ba su da takardar albashin da za a yanka. Ƙaramin fansho da aka ɓullo da shi a 2019 don irinsu yana neman mutum ya yi ajiya daga kuɗin da ko cefane bai isa ba.

A da, gandu ne ke riƙe tsoho. Yanzu 'ya'yan sun bazu Legas da Abuja neman na kai, 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Zamfara da Katsina, tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a 2023 kuma ta rage abin da ɗa ke iya aika wa gida. Tsohon ya rage a ɗakin ƙasa mai ruɓaɓɓiyar azara, ya jera kwanoni yana tarar yoyo, yana fargabar ruwan Agusta. Gina masa gidan gajiyayyu ba zai yi ba, domin a ƙasar Hausa kai mahaifi can abin gori ne har jikoki. Kwanon rufi, da buhun siminti, da makewayin da zai iya shiga da sandarsa sun fi masa amfani, sun kuma fi araha.

Batun kuɗin wata-wata kuwa akwai inda aka gwada. Lesotho, wadda tattalin arzikinta bai kai ko kusa da na Najeriya ba, tana biyan masu shekara 70 zuwa sama tun 2004. Zanzibar ta bi sahu a 2016. Jihar Ekiti ta fara ba masu shekara 65 naira 5,000 a 2011, shirin ya tsaya da gwamnati ta sauya, don ya rataya ne a wuyan gwamna ɗaya.

Wannan jarida na kira ga majalisar tarayya da majalisun jihohi su kafa dokar biyan duk mai shekara 70 wani abu kowane wata, ko ya yi aikin gwamnati ko bai yi ba, su kuma ware kason gyaran ɗakunan tsofaffi a kasafin gidaje. A biya su a mazaɓunsu, kada a sake jera su cikin rana da sunan tantancewa.