Dutse bai san mai kuɗi ba: a bar wa jagora maganarsa

Duk wanda ya tashi a gidan fatake ya ji labarin madugu da jagaba. A zamanin da ayari ke tafiya Gwanja ɗauko goro, ko ya ratsa Tenere zuwa Bilma ɗauko gishiri, attajirin da ya fi kowa yawan kaya ba shi ke cewa a tashi ko a sauka ba. Madugu uban tafiya shi ke yanke magana, in ya ce a kwana a zango, to, kwana ya tabbata ko da wani zai yi asara. Wannan tsohuwar ƙa'ida ce Turawa ke muhawara a kanta game da tsaunukan Alpes, waɗanda suka ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan da maƙwabtansu, kuma a ganina muna da abin faɗa a ciki.

Mai karatu zai iya tambaya, me ke kai mutum hawan dutsen da ba kasuwa ba gona a kansa? Amsa ita ce a can hawan dutse sana'a ce babba. Tun 1786 da Jacques Balmat da likita Michel Paccard suka fara taka ƙolin Mont Blanc, mai tsawon mita 4,800 da 'yan kai, garin Chamonix da ke gindinsa ya koma cin abinci da baƙi. Akwai masu masauki, da masu sayar da igiya da takalma, da kuma jagorori waɗanda ake biya su kai mutum sama su dawo da shi. Inda duk kuɗi ya shiga kuwa, sai mai biya ya fara ganin shi ke da iko.

An ga ƙarshen wannan tunani tun 1820. Wani masani daga Rasha, Dokta Hamel, ya ɗauki jagorori zuwa Mont Blanc. Dusar ƙanƙara ta zuba, jagorori suka nuna a koma, shi kuwa ya matsa a ci gaba. Dusar ta zaftare ta tafi da jagorori uku cikin rami, ba a sake ganin gawarwakinsu ba sai 1861, bayan shekara 41, da ƙanƙarar ta gangaro da su gindin dutsen. Wanda ya matsa ya koma gida lafiya. Shekara guda bayan hatsarin, a 1821, aka kafa ƙungiyar jagororin Chamonix, mai asusun taimakon iyalan waɗanda suka rasu da tsarin karɓar baƙi bi da bi, don kada yunwa ta sa wani ya yarda da abin da ya san halaka ne. Ƙungiyar tana nan har yau.

Dutsen Matterhorn, mai mita 4,478 a kan iyakar Suwizalan da Italiya, ya ƙara wani darasi. Ran 14 ga Yuli 1865 mutum bakwai, cikinsu har da Baturen Ingila Edward Whymper, suka zama na farko da suka kai ƙolinsa. Wajen saukowa, wani saurayi da bai ƙware ba ya zame, ya ja mutum uku da ke ɗaure da shi a igiya ɗaya, har da gwanin jagora Michel Croz. Igiyar ta tsinke, huɗu suka faɗa, uku suka tsira. Abin lura shi ne sun riga sun ci nasara, a hanyar komowa aka yi asarar. Ɗan kasuwa ya san wannan sarai, ribar da ba ta iso gida ba ai ba riba ba ce. Tun daga lokacin sama da mutum 500 sun mutu a wannan dutse.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na bangon arewa na dutsen Eiger a Suwizalan, bango ne a tsaye mai mita 1,800. A Yulin 1936 samari huɗu, biyu daga Jamus biyu daga Ostiriya, suka tasam masa. Ɗaya daga cikinsu, Andreas Hinterstoisser, ya yi dabarar ratsa wani fale mai santsi a gicciye, ya ɗaura igiya sauran suka bi. Da suka ƙetare sai suka zare igiyar suka tafi da ita. Da dutse ya faɗo ya raunata ɗayansu kuma hadari ya taso, suka juyo, sai suka tarar falen ya yi ƙanƙara, ba ya ratsuwa ba tare da igiyar da suka cire ba. Dukkansu suka mutu. Na ƙarshensu, Toni Kurz, ya kwana a rataye, ya cika 'yan mitoci kaɗan daga hannun masu ceto saboda ƙullin igiya ya ƙi wucewa ta ƙarfen da ke riƙe da shi. Sai a 1938 wasu huɗu suka kai ƙarshen bangon. Waɗannan samari gwanaye ne, ba su rasa ƙarfi ko zuciya ba, hanyar komowa suka rasa.

To, yau hatsarin ya ƙaru, domin duwatsun da kansu suna sauyawa. Ƙanƙarar da ke cikin tsagogin dutse ita ke riƙe shi kamar siminti, zafi kuma yana narkar da ita. A 2005 wani babban ɓangaren dutsen Dru ya rufto, ya tafi da mafi yawan hanyar da Walter Bonatti ya hau shi kaɗai a 1955. Ran 3 ga Yuli 2022 ƙanƙarar Marmolada a Italiya ta ɓalle ta kashe mutum 11. A 2022 da 2023 kaɗai, Suwizalan ta rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙanƙarar tsaunukanta. Hanyar da littafi ya ce lafiya lau take shekara 20 da suka wuce, yau sai wanda ya taka ta makon jiya ya san halinta, wato jagora.

A hanyar da aka fi bi zuwa ƙolin Mont Blanc akwai wani kwazazzabo da ake kira Goûter, faɗinsa bai fi mita 100 ba, amma duwatsu na gangarowa ta cikinsa, musamman in rana ta take. Tsakanin 1990 da 2017 sama da mutum 100 sun mutu a wannan yanki. Saboda haka tun 2019 hukuma ta ce ba mai bin hanyar sai ya kama wurin kwana a zangon dutsen tun kafin ya taso. Wannan doka ta yi daidai, domin tana rage cunkoso, tana kuma hana masu zuwa da ka. A bazarar 2022 kuma jagororin Chamonix da na Saint-Gervais suka dakatar da kai baƙi ta nan a tsakiyar lokacin cinikinsu. Wanda ya taɓa rufe shago ranar kasuwa ya san nauyin wannan mataki, kuma sun cancanci yabo.

Inda na saɓa shi ne da shawarar magajin garin Saint-Gervais, Jean-Marc Peillex, wanda a 2022 ya nemi duk mai son hawa ya ajiye Yuro 15,000, kusan sefa miliyan 10, wai 10,000 kuɗin ceto, 5,000 kuɗin binnewa. Fushinsa yana da dalili, tunda a Faransa jandarmomin dutse na ceton mutane kyauta da jirgi mai saukar ungulu, kuma talakawa ke biya da harajinsu. Shawarar ba ta zama doka ba, gara kuma da ba ta zama ba. Kuɗin ajiya aljihu yake aunawa, ba ya auna ƙwarewa ko hankali. Da Dokta Hamel na raye, da shi zai fara biya, sannan ya ƙara jin cewa ya sayi dutsen. Maganin da ya fi shi ne a ƙarfafa hannun jagora, in ya ce a juya a juya, ladarsa kuma ta fita cif ko an kai ƙoli ko ba a kai ba. Masu cewa kowa na da 'yancin sai da ransa su tuna da cewa ba shi kaɗai ke kan igiyar ba, kuma jandarman da zai je ɗauko shi yana da 'ya'ya.

Akwai dalili na biyu da ya sa ba na son a fara sa wa ceto farashi, kuma ya shafe mu kai tsaye. Tun wajen 2017 dubban 'yan Afirka ta Yamma ke ratsa waɗannan tsaunuka da ƙafa daga Italiya zuwa garin Briançon na Faransa, ta mashigar Échelle mai mita 1,762 ko ta Montgenèvre, yawanci da dare don kauce wa 'yan sandan iyaka. Da yawansu ta Agadez suka bi kafin su ƙetare teku. Suna shiga dusar ƙanƙara da takalmin ƙwallo, ba jagora ba igiya. Wasu sanyi ya ci musu yatsu har an yanke, wasu kuma sai da dusar ta narke aka ga gawarsu. Mutanen ƙauyukan wurin, har da jagorori, su ke fita da dare neman su. Ranar da aka ce ceto sai mai kuɗi, waɗannan yara ne za a fara bari a kan dutse.

Saboda haka 'yan uwa na Konni da Ɗan Isa da Matamai da sauran kasuwanninmu na kan iyaka, in ɗanku ko yaron shagonku ya bugo waya daga Italiya ya ce saura dutse ɗaya ya shiga Faransa, ku gaya masa cewa waɗanda aka haifa a gindin wannan dutse ma sukan juya in sun ga hadari. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.