Ra'ayi: Kafin a kama ɗaki a otel a Damagaram, a fara tambayar ruwa

Duk shekara, da zarar azumi ya raba tsakiya, wayoyin mutanen Damagaram kan cika da saƙon 'yan uwa na nesa masu shirin zuwa sallah gida. Wani daga Yamai, wani daga Kano ko Legas, wasu daga Aljeriya da Libiya, ga kuma ɗalibai da ma'aikatan da ke Faransa. Ana maganar tsaraba da ɗinki da wanda zai je tasha tarbo. Abin da ba a cika tayarwa ba shi ne inda baƙon zai kwana, domin a ganin kowa amsar a fili take: gida. Wanda ya kuskura ya ce a otel zai sauka, to ya shirya jin magana. Za a ce ya yi kuɗi ya raina ɗakin da aka yanke masa cibiya, ko kuma a ce akwai abin da yake ɓoyewa.

Wannan kallon ya kamata a sake shi. Sauka a masauki ba baƙon abu ba ne a garin nan, kuma a wasu watanni na shekara ya fi zama tausayi ga iyali fiye da cika musu gida.

Sunan unguwar Zongo kaɗai ya isa shaida. A ƙarni na 19, lokacin da Damagaram ke kan hanyar ayarin da ke haɗa Kano da Agadas har zuwa Tarabulus, Buzaye da Larabawa da fataken Hausa a wajen ganuwar Birni suke sauke kaya. Fatoma ne ke karɓarsu. Ya ba su ɗaki da abinci, ya adana musu kaya, ya nemo musu mai saye, shi kuma ya ci la'adarsa. Manyan attajirai irin su Malam Yaro da harkar baƙi da fatauci suka yi suna. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya shafe kusan wata guda a garin daga ƙarshen 1852 zuwa farkon 1853, kuma har yau ana nuna gidan da ya sauka a cikin Birni. Saukar da baƙo sana'a ce mai mutunci a Damagaram tun kafin a san kalmar otel. Daga baya ne aka haɗa kalmar da giya da badala, kuma gaskiya ne wasu wuraren sun ja wa kansu. Amma laifin wasu bai isa a hana ma'aikaciyar lafiya da ta zo taron bita, ko ɗan kasuwa da ya zo cin kasuwar Alhamis, wurin kwana mai tsabta ba.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ruwa. Garin yana zaune ne a kan dutse, irin manyan duwatsun nan da ke leƙowa a tsakiyar unguwanni, saboda haka haƙa rijiya a cikinsa ba ya ba da abin kirki. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar lokacin da Faransawa suka ɗauke babban birnin mulkin mallaka daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. An daɗe ana jawo ruwa daga nesa, daga Gogo da Macaya ta kudu, daga baya aka ƙara da rijiyoyin Arunguza da Ganaram ta arewa, amma yawan jama'a kullum yana gaban abin da famfo ke kawowa. A watannin Maris zuwa Mayu akwai unguwannin da famfo ke yin kwanaki bai ɗiga ba. Mata da yara su kwana a layi, ko a sayi jarka wurin 'yan ga-ruwa a farashin da ke hawa da zafin rana. A irin wannan lokaci, ɗan da ya dawo daga waje da matarsa da yara uku, waɗanda suka saba wanka safe da yamma, nauyi ne da uwa ba za ta taɓa faɗa ba. Za ta rage nata wankan, ta tura ƙannensa neman ruwa da asuba, ta kuma yi murmushi. Wanda ke da halin kama ɗaki na kwana biyar ya kuma ƙi don gudun surutu, ya sani cewa wani ne ke biyan kuɗin kunyarsa.

To amma ruwan nan da ya sa otel ya zama mafita, shi ne kuma abin da ya kamata a fara tambayar otel ɗin a kai. Matasa da dama suna zaɓen masauki ne ta hoton Facebook ko ɗan bidiyon TikTok: gado mai farin zanin gado, tayil mai sheƙi, talabijin a bango. Hoto ba ya nuna ko famfon banɗaki na zuba. Tambayar da ta dace a yi ta waya, kafin a tura ko dala, ita ce shin wurin yana da tankin ajiye ruwa, kuma idan na gari ya ɗauke, da me ake cika shi. Mai otel da ya san aikinsa zai amsa nan take, ya ce tankinsu na kai kwana kaza, ko suna da motar da ke kawo musu. Wanda ya ce «ai ba matsala» ya yi shiru, to akwai matsala, kuma da bokiti za a tarbi baƙo.

Wuta ce ta biyu. Wani babban kaso na lantarkin yankin Maraɗi da Damagaram daga Najeriya yake shigowa, ta layin Katsina zuwa Gazawa. Kowa ya ga abin da hakan ke nufi a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a kuma maido ta ba sai bayan ɗage takunkumin ECOWAS a farkon 2024. Ko ba rikicin siyasa, ɗaukewar wuta a bazara abu ne da aka saba. A garin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, ɗakin siminti mai ƙaramar taga ba tare da wuta ba tanda ne. Bai isa a ce akwai janareta ba. A tambaya ko ana tayar da shi duk dare ko zuwa sha biyu kawai, ko yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki ko fitila da fanka kaɗai, kuma idan an biya kuɗin ɗaki mai sanyi wutar ta gaza, shin ana rage wani abu. Wuraren da suka sa faranti masu aiki da hasken rana sun fi samun sauƙi a nan. Mai zuwa a Disamba ko Janairu kuwa ba ya buƙatar wannan dogon bincike. Shi bargo da ruwan zafi zai nema, domin hunturun Damagaram ba ya wasa da asuba.

Sai maganar kuɗi, inda 'yan Najeriya da yaran da suka tashi a waje ke yawan ruɗewa. A Nijar, da Hausa, dala ake ƙirgawa, kuma dala ɗaya sefa biyar ce. Idan mai karɓar baƙi ya ce «dubu huɗu», yana iya nufin sefa 20,000, wato jika ashirin. Bakano da ya ji dubu huɗu ya yi murna zai sha mamaki a bakin kanta. Maganin abin shi ne a nemi a rubuto farashin da lamba ta WhatsApp, a kuma fayyace ko ya haɗa da karin kumallo da haraji. Wanda ke riƙe da yuro lissafinsa ba wuya, tunda yuro ɗaya a daure yake da sefa 655.957. Mai naira ne ke buƙatar duba canji a ranar tafiya, don tun faɗuwar naira a 2023 abin da aka lissafa a Kano kan iya gazawa kafin a wuce Kongolam da Ɗan Barto. Kada kuma a dogara da katin banki. Tsabar kuɗi da tura kuɗi ta Nita ko Amana su ne ke aiki a kusan ko'ina. Idan an nemi kafin alƙalami, a tura na kwana ɗaya, ba na mako ba, a kuma karɓi rasit.

Inda otel yake ma abin dubawa ne, ko da yake garin bai kai girman da nisa zai zama babbar damuwa ba, ga kabu-kabu da adaidaita ko'ina. Wanda ya zo don hawan sallah zai so kusa da Birni, inda fadar Sultan Abubakar Sanda take, amma ya san cewa ranar hawa hanyoyin wajen kan cushe da dawaki da jama'a. Ɗan kasuwa ya fi son kusa da kasuwar Dole. Mai aiki da matatar man SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 kimanin kilomita 50 arewa da gari, ya duba wanda fita hanyar Tanut ba za ta yi masa wuya ba. Tsofaffin sunaye irin su Otel Damagaram, da Otel Santaral, da wanda ke ɗauke da sunan Sarki Amadu Kuran Daga, kowa ya san su. Bayansu an samu ƙananan masaukai da gidajen haya masu kayan ɗaki da yawa, waɗanda akasarinsu ba su cikin manyan shafukan kama ɗaki na intanet. Wannan ya sa ɗan uwa na gari ya fi kowane shafi amfani: a tura ƙane ya je da ƙafarsa, ya buɗe famfo, ya kunna na'ura, ya ɗaga katifa, ya ɗauko bidiyon ɗakin da za a bayar ɗin, ba wanda ake nuna wa baƙi ba.

Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, wuni guda cur a motocin Rimbo ko STM da takwarorinsu, kuma yawanci cikin dare ake isa. Duk wanda bai sanar da otel lokacin isowarsa ba, yana iya tarar da an ba wani ɗakin, musamman a makon sallah ko lokacin da ƙungiyoyi ke taro. A riƙe katin ɗan ƙasa ko fasfo a hannu, domin ana cike takardar baƙi. Waɗanda suka karɓi takardun wata ƙasa su kula sosai, tunda a Janairun 2025 hukumomi sun tsaurara dokar shiga da zaman baƙi, kuma iya Hausar Damagaram ba ta maye gurbin biza.

Masu otel su ma suna da nasu kason, kuma shi ne mafi girma. Lokacin shirin Zinder Sabuwa, da garin ya karɓi bikin 18 ga Disamban 2018, an yi tituna da gine-gine, an kuma yi ta maganar jawo masu yawon buɗe ido. Turawan da ake jira ba su zo da yawa ba, kuma yanayin tsaro da siyasa na 'yan shekarun nan bai taimaka ba. Kasuwar da ta rage, wadda ba ta yankewa, ita ce ta 'yan gida: masu dawowa sallah da biki, iyayen ɗaliban Jami'ar André Salifou, 'yan kasuwar Kano da Daura da Maigatari, ma'aikata masu zuwa aiki na kwana uku. Waɗannan mutane ba tafkin ninƙaya suke nema ba. Suna son farashi a rubuce a bango wanda ba ya canzawa idan an ga baƙo da akwatin Turai. Suna son buta da tabarmar sallah da alamar alƙibla a ɗaki, da mutumin da zai ɗauki waya idan an kira. Suna son wurin da magidanci zai kawo iyalinsa ba tare da kiɗan mashaya na shigo musu har biyun dare ba.

Akwai kuma maganar mata, wadda ba a son taɓawa. Mace mai tafiya ita kaɗai, malamar makaranta ce ko 'yar kasuwa ko 'yar jarida, takan sha kallo da tambayoyin da ba a yi wa namiji. Wasu saboda haka suke gwammace su takura a gidan wata ƙawar ƙawa da ba su sani ba. Otel da ya ɗauki mata aiki a wurin karɓar baƙi, ya sa haske a farfajiya da makulli mai kyau a ƙofa, ya kuma hore wa masu gadinsa baki, ya buɗe wa kansa kasuwar da saura suka yi wa rufa-rufa.

Dattawan da ke ƙin wannan magana suna da gaskiyarsu. Baƙonka annabinka, in ji Hausawa, kuma zumunci ba a waya ake yin sa ba. Akwai yaran da in suka shiga otel sai su mai da shi gida, su riƙa karɓar abokai a can, iyaye su gan su sau biyu kafin su koma. Wannan abin zargi ne. Hanyar da ke kauce wa duka biyun ita ce a faɗa wa iyaye tun kafin a taso, da ladabi, a kuma bayyana dalili: kwana kawai za a riƙa yi a can, amma kalaci da hira da gaishe-gaishen dangi duk a gida. Mata da ƙananan yara ma suna iya kwana ɗaya ko biyu wurin kaka. Sannan daga kuɗin da aka ware wa tafiyar, a cire na ruwan gidan na tsawon kwanakin, a miƙa wa wanda ke sayowa tun ranar farko, ba sai an ga jarkoki sun bushe ba.