Bayan an miƙa kofi, sai me?

A gasar MTN Hitmaker ta 2016, Kuami Eugene na uku ya zo. Shekara huɗu bayan nan, shi aka naɗa gwarzon mawaƙin Ghana na 2020. Efya ma ta biyu ta zo a Stars of the Future a 2006. To, zakarun fa? In ka cire KiDi da wasu ƙalilan, tambayi samarin Nima ko Aboabo sunayensu, sai ka ga ana sosa ƙeya.

Gidan talabijin ba mawaƙi yake rainowa ba, shiri yake sayarwa. Ribarsa tana cikin talla da ƙuri'un da muke turawa ta waya. Ranar da aka miƙa kyauta ciniki ya tashi, baɗi sabbin fuskoki ake nema. Abin da ya ɗaga KiDi da Kuami Eugene shi ne kamfanin Lynx da ya riƙe su shekara da shekaru.

Abin ya taɓa ni ne saboda wata ɗalibata. Ta shiga irin wannan gasa, zango kaf aka yi karo-karo, har masu koko da ƙosai suna tura ƙuri'a. Murya kam, wallahi, akwai. Amma wata biyu kujerarta ba kowa, ga jarrabawar BECE a gaba.

Iyaye, kafin ku sa hannu, ku tambaya: wa zai biya kuɗin situdiyo bayan gasa? Masu shirya gasar yara kuma su mayar da ita lokacin hutu.