ƘAFA TANA GAJIYA, SAI ME? TUNANI A KAN KADIRI IKHANA

Idan aka tambayi samarin makarantarmu abin da suke so su zama, da yawa za su ce ɗan ƙwallo. Ban ga laifinsu ba. Amma ina so mu dubi wani mutum wanda ya buga ƙwallo har ya kai ƙoli, sa'an nan ya sake sabuwar rayuwa a bakin fili, watau Kadiri Ikhana.

Ikhana ya buga wa ƙungiyar Bendel Insurance ta birnin Benin, yana kuma cikin 'yan wasan Green Eagles da suka ci Kofin Afirka a Legas a 1980, lokacin da Nijeriya ta doke Aljeriya da ci 3 da nema. Ga mutane da yawa wannan ya isa abin ba jikoki labari. Shi kuwa sai ya koma koyon aikin horar da 'yan wasa, ya yi ta yawo daga wannan ƙungiya zuwa waccan. Shekara 23 bayan wancan kofi, a 2003, ya jagoranci Enyimba ta Aba ta doke Ismaily ta Masar, ta ɗauki kofin zakarun Afirka. Kafin nan babu ƙungiyar Nijeriya da ta taɓa ɗaukarsa. Rangers ta kai wasan ƙarshe a 1975, Shooting Stars a 1984 da 1996, Iwuanyanwu a 1988, duka suka dawo hannu wofi. A 2008 kuma ya kawo wa Kano Pillars kofin lig na farko tun kafa ta a 1990. Lalle ranar nan babu wanda ya tsaya tambayar garinsu ko yarensu. Sai Masu Gida kawai ake ji.

Ra'ayina shi ne, abin da ya yi a kan benci ya fi abin da ya yi da ƙafa. Ɗan wasa in ya yi sa'a ya yi shekara goma ko sha biyar yana gudu, wani ma gwiwa ce za ta tsayar da shi tun yana saurayi. Koci kuwa da kai yake aiki. Dole ya karanta dokokin wasa, ya zauna kwas, ya rubuta jarrabawar samun lasisi, ya iya rubuta rahoto, ya fahimci takardar kwantiragi kafin ya sa hannu. Sai kuma haƙuri da halin mutum ashirin da wani abu, kowa yana ganin shi ya cancanci a sa shi. Wanda ya saba tsallake katanga lokacin darasin Turanci da lissafi domin ya je fili, da me zai yi wannan aiki?

Wani zai ce aikin koci ba shi da tabbas. Gaskiya ne, a ƙasarmu wasa uku in an sha kashi sai ka ji an sallami mutum, wani lokaci da bashin albashinsa. Ba kuma kowane gwani ne yake iya koyarwa ba. Amma wannan ai ƙarin dalili ne na riƙe takarda da kyau. Iyayenmu a nan Rimin Gado suna sayar da gyaɗa da dawa su biya mana kuɗin makaranta, kuma babu manomin da yake shuka iri ɗaya tak a gonarsa.

Domin haka ina roƙon Shugaban Makaranta da malamin wasanni su duba wata shawara. A ba 'yan ajin ƙarshe aikin horar da ƙananan azuzuwa, maza da mata, a kowane zango. Su tsara atisaye a rubuce, su koyi busa usur, su riƙe littafin sakamako. Kada a naɗa kyaftin sai wanda ya ci jarrabawarsa. Matasan ikkilisiya ma za su iya ba da hannu a ranakun Asabar bayan an dawo daga gona.