Haruffa huɗu ba su isa su zaɓa wa matashi sana'a ba

Gwajin halayya da ake yi ta waya cikin ƴan mintoci na samun karɓuwa a wurin matasa masu hangen ayyukan nazari masu albashi mai tsoka, irin su ƙididdiga, nazarin bayanai da binciken kuɗi a bankuna. Shafin 16Personalities ya ware rukunai huɗu, INTJ, INTP, ENTJ da ENTP, ya sa musu suna "masu nazari". Wanda sakamakonsa ya faɗa wani rukunin daban sai gwiwarsa ta yi sanyi, ya ɗauka ba shi da rabo.

Asalin waɗannan haruffa daga Amurka yake. Katharine Briggs da ɗiyarta Isabel Myers ne suka gina gwajin MBTI bisa littafin Carl Jung na 1921, suka kasa mutane gida 16, alhali babu ɗayarsu da ta karanci ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a. Gwajin yana tilasta wa mutum zama ko dai mai son shiga jama'a ko mai son kaɗaici, bayan kuwa akasarin mutane a tsakiya suke. Shi ya sa da yawa idan suka sake shi bayan makonni sai haruffansu su canja. Kamfanin da ke da MBTI ma da kansa ya ce kada a yi amfani da shi wajen ɗaukar ma'aikata.

Ba wai hali bai da tasiri ba. Binciken Barrick da Mount na 1991 ya nuna cewa halin da ya fi tafiya da ƙwazo a ayyuka iri-iri shi ne tsari, kula da cika alkawari. Mai surutu na iya mallakarsa, mai shiru-shiru na iya rasa shi. Kuma manazarci ba a ɗaki yake ƙarewa ba: dole ya fahimtar da shugabanninsa abin da alƙaluma ke cewa.

Ga ɗalibin Maraɗi ko Damagaram da ke son wannan hanya, makarantun ƙididdiga na yankin, ENSEA a Abidjan, ENSAE a Dakar da ISSEA a Yaoundé, ta jarrabawar gasa ake shigarsu, kuma lissafi ne ginshiƙinta. Babu mai tambayar haruffansa.

Ƴan ci-rani a Turai da Amurka kam za su iya cin karo da gwajin halayya wajen neman aiki, sai dai a fannin nazari yakan zo tare da gwajin aiki: a miƙa wa mutum alƙaluma a ce ya warware.