Ra'ayinmu: Motar Da Ta Dace Da Hanyar Gummi

Babu wata muhawara da ta fi ɗaukar zafi a ɗakunan kwanan ɗalibai da ofisoshin matasan ma'aikata kamar ta motoci. Wannan ya ce ta Jamus ta fi gudu, wancan ya ce ta Japan ta fi juriya, wani kuma ba abin da ya ɗauke masa hankali sai ƙyallin fitilu da allon da ke gaban direba. Ba mu ga laifin wannan sha'awa ba, domin daga sha'awa ake samun injiniya. Abin da muke so mu jawo hankalin 'yan'uwa gare shi shi ne, ana yin wannan gardama ba tare da an sa hanya a lissafi ba, alhali kuwa hanya ita ce alƙalin mota.

Duk wanda ya taɓa tasowa daga Gusau ya bi ta Anka, ya ratsa ƙasar Bukkuyum zuwa Gummi, ko ya sauka daga kwalta ya nufi ƙauyuka irin su Bagega, ya san abin da ake nema ga mota a can. Ana bukatar wadda cikinta ya yi nisa da ƙasa, wadda za ta ɗauki buhunan gero da shinkafa tare da fasinja, wadda kuma ƙurar rani da lakar damina ba za su kashe ta ba. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta shafi garin Gummi ƙwarai, ruwa kuwa ba ya jituwa da wayoyin lantarkin da aka shimfiɗa a ƙasan mota. Har wa yau, a yankin da 'yan bindiga suka addaba, motar da ta mace a daji gab da magariba tana iya jawo asarar rayuka.

An taɓa yin motar da ta amsa wannan bukata, watau Peugeot 504, wadda iyayenmu suka sani da Fijo. Ta fito a Faransa a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, ta kuma ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekarar ce masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci. Sirrin 504 yana ƙarƙashinta ne. Ƙafafunta suna da tazarar hawa da sauka mai yawa, saboda haka takan haɗiye rami ba tare da ta buga ciki ba. An rufe sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya a cikin bututun ƙarfe, wanda ke kare ta daga dutse da laka. Mai dogon jiki kuwa an sa mata safirin biyu a kowane gefe na baya domin kaya. Uwa uba, makanike mai sifana da sukuddireba yana iya kwance kafiretarta a gindin bishiya, ya wanke, ya mayar.

Kada a ɗauka muna kiran a koma jiya ne. Fijo tana shan mai, ba ta da jakar iska mai kare direba, ba ta kuma da birkin zamani mai hana taya ƙamewa. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, mai shan mai ta zama nauyi ga mai ita. Injin yau, wanda kwamfuta ke auna masa mai da iska, ya fi tsimi da tsafta nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce yawancin motocin da ke shigo mana, waɗanda ake kira 'yan Kwatano, an zana su ne domin titunan Turai da Amurka, an kuma more ƙuruciyarsu a can. Idan na'ura guda ta lalace a cikinsu, makaniken da ba shi da abin binciken kwamfuta sai ya shiga canki-canka, mai mota kuma ya yi ta sayen kayan gyaran da ba su ne ciwon ba, daga ƙarshe a ja ta zuwa Gusau ko Sakkwato.

Yaya aka yi muka zo nan? A shekarun 1970 gwamnati ta kafa masana'antu shida tare da kamfanonin waje: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Mercedes a Enugu, Steyr a Bauchi, da Fiat a Kano. Sai dai galibin sassan daga waje ake kawo su, mu namu ɗaura noti. Da darajar Naira ta faɗi bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, sassan suka yi tsada, masana'antun suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya dogara da randar maƙwabci, ranar da aka rufe ƙofa zai kwana da ƙishirwa.

Ba basira muka rasa ba. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya yi karatu a Birnin Kebbi kafin ya tafi Detroit ta Amurka, inda ya zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors. Ya shugabanci hukumar ƙira da bunƙasa motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023, a zamaninsa ne kuma, a 2021, aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Saboda haka muna kira ga ɗalibanmu na sashen injiniya da su ɗauko aikin ƙarshen karatunsu daga tashar Gummi: yadda za a tace ƙura, yadda za a ɗaga ciki ba tare da mota ta riƙa kifewa a kwana ba, da yadda za a sanyaya batir a zafin bazara. Muna kira ga gwamnatin Zamfara da ta shirya wa makanikan ƙananan hukumomi horo kan binciken kwamfuta, ta kuma fifita motocin da aka haɗa a gida idan za ta saya. Kai kuma sabon ma'aikaci, kafin ka zuba albashinka ga dillali, tambayi makaniken garinku ko ya san injin, ko kuma ana samun kayan gyaranta kusa. Allah ya kai mu gida lafiya.