Kun tura nas ƙauye da masu taɓin hankali, wa yake zama da ita?

1/ Jama'a, yau zan yi magana kan ma'aikatan jinya da ake turawa ƙauye su kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa. Ana yi musu bita ta kwana biyar a otal, a ba su alawus da satifiket, a ɗau hoto, shi ke nan. Daga ranar ba mai sake tambayar su yadda aikin yake tafiya.

2/ Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, mu kuwa mun haura miliyan 200. Kaɗan ɗin ma suna birni, su Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato, Maiduguri. Mutumin ƙauye nas zai gani ko ma'aikacin lafiya na sha-ka-tafi. Shi ne likitansa, ko muna so ko ba ma so.

3/ Za a ce ai akwai sufabaiza. Na san irin zuwansa. Ya duba rijistar zuwa aiki, ya ƙirga katin marasa lafiya, ya yi faɗa kan shara, ya shige mota. Wannan sa ido ne. Abin da nake nufi daban ne: nas ta zauna da ƙwararren da ya fi ta gogewa, a kan lokaci sananne, su tattauna marasa lafiyarta ɗaya bayan ɗaya.

4/ Ga misali. An kawo saurayi yana sambatu, ta ba shi haloperidol. Bayan kwana biyu wuyansa ya murɗe, harshe ya fito, idanu sun kafe sama. Dangi suka ce aljanu ne suka fusata, suka zubar da magani, suka wuce da shi gidan mai magani. Alhali illar maganin ce, sananniya, kuma tana da magani, a rage yawan ƙwayar a ba shi benzhexol.

5/ To amma benzhexol ɗin shi ne Exol da samari suke shaye-shaye da shi. Wa za ta ba? Na kwana nawa? A hannun wa za ta damƙa? Takardar bita ba ta amsa wannan. Sai wanda ya shekara goma yana ganin irinsa.

6/ Haka mai jego da ta daina barci tana maganar da ba kai. Taɓin hankalin bayan haihuwa ne, ko zazzaɓi ne ya taɓa ƙwaƙwalwa? Kuskure a nan yana iya zama ajali. Nas tana ita kaɗai, ba wanda za ta kira, ga miji da uwar miji sun tsaya mata a ka.

7/ Akwai ɓangaren da ba a son faɗa. Ranar da mara lafiyarta ya sha fiya-fiya ya mutu, wa zai zauna da ita? Za ta koma gida da abin a ranta, gobe ta dawo aiki. Wata ta fara tsoron masu wannan lalura, kowa ya zo ta ce a tafi birni. Wata ta nemi canjin wurin aiki. Wata ta tafi Saudiyya ko Ingila, mu zauna muna cewa ba ta da kishi.

8/ Masu cewa ba kuɗi, haba. Tun 1991 aka sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin kiwon lafiya matakin farko a ƙasar nan. A Janairun 2023 Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Shirin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya da ake yin bitar da shi, shi kansa ya ce sai an bi horo da bibiya. Mun ɗauki rabin da ke da alawus mun yar da ɗaya rabin.

9/ Awa ɗaya a wata, ko ta waya ce. Ƙwararren nas ɗaya ya riƙe ƙananan asibitoci biyar ko shida, a ba shi kuɗin mai da kati. Kuɗin abinci da ɗakin taro na bita guda zai ɗauki wannan na watanni.

10/ Sharaɗi ɗaya dai: kada mai zaman ya zama shi ne mai rubuta mata rahoton ƙarin girma. Ba wadda za ta ce "Oga, na yi kuskuren allura" a gaban mai riƙe da fayil ɗinta. Kuma a saka lokacin cikin jadawalin aiki, kada a ce ta yi a ranar hutunta.

11/ Mun ga gidajen marin da aka bankaɗo a Kaduna da Katsina a 2019, mutane cikin sasari, kowa ya yi Allah wadai. Da yawan iyaye ba mugunta ce ta kai su can ba, asibitin kusa ne ya gaza musu.

12/ Kwamishinonin lafiya da hukumomin lafiya matakin farko na jihohinmu, cikin kasafin bana nawa kuka ware wa wannan zaman? Ku nuna mana layin.